Darasi: Ƙura, Hayaƙi da Huhu

Manomi, duba tafin hannunka. Ƙotar hauya ta goge shi, ya yi bororo, daga baya ya yi kanta. Haka ƙurar sussuka, hayaƙin murhu da taba suke yi wa hanyoyin iska na cikin huhu. Da farko su kumbura, majina ta taru, tari ya taso. In shekaru suka yi yawa, sai su yi kauri, su tsuke, ba su komawa yadda suke. Zuwa gona ma sai haki.

Don haka:

1. Wajen shiƙar hatsi, ba iska baya, rufe hanci da rawani.
2. A yi girki a sarari, yara nesa da hayaƙi.
3. Bar taba.
4. In tari ya wuce sati 2, tafi likita.