Ɗana, Buhu Zai Jira Ka

Ɗana, mahaifiyarka ta ce tun ranar da babur ya kayar da kai a hanyar Pantami ba ka iya wanke ƙafa a alwala sai ka dafa bango, amma jiya an gan ka a kasuwar Tudun Hatsi kana taya lodin masara. Matso kusa, ni dai na riga ka ɗanɗana wannan ciwon.

A kasuwar nan na gamu da nawa. Buhu mai kilo 100 ne a kafaɗata, ƙafa ta zame a kan katakon hawa mota, sai na ji ƙuguna ya ce ƙas. Kunyar kada a ce na zama rago ta sa na sayi haɗi a kemis, na ɗaure ƙugu tamau da tsohon rawani, washegari na koma. Ba a yi sati biyu ba ciwon ya gangara ta ɗuwawu, ya bi bayan cinya har babban yatsa, kamar an zura mini waya mai wuta. Ko atishawa sai na riƙe wani abu kafin in yi.

Likita ne ya zana mini abin a takarda. A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa 5 a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi, gefensa tauri, cikinsa laushi. Idan gefen ya tsage sai na cikin ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, kuma galibi a gaɓoɓi biyun ƙarshe abin ke faruwa, don su ke shan nauyi. Shi ya sa za ka ga mutum yana ta shafa man zafi a ƙwauri, alhali tushen yana can sama. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifan nan, sai MRI, shi kuma ba kowa ne ke bukatarsa ba.

Kada hankalinka ya tashi. Yawancin masu irin wannan sukan samu sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin jiki da kansa yakan tsotse abin da ya bulluƙo sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, ka ga ba kanka farau ba.

Kuskurena na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Da na ji jiki, sai na shimfiɗa tabarma na kwanta wata biyu cur, ina tsoron ko motsi. Ashe kwanciyar ma cuta ce: naman baya ya saki, ƙugu ya sandare. Mai gashin ƙashi ya yi mini faɗa kamar ɗan cikinsa. Kwana ɗaya ko biyu ya isa, ya ce, daga nan sai tattaki. Da zuwa masallacin unguwa na fara, sau biyar a yini, ina ƙara taku kaɗan kaɗan. In za ka kwanta, juya gefe ka sa filo tsakanin gwiwoyi. In za ka ɗauki ko da buta ce, durƙusa da gwiwa, ka jawo ta jikinka, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Salla kuwa, addini ya yarje maka ka yi a zaune har ka iya ruku'u, kada ka ji nauyin idon mutane.

Ka yi hattara da ƙwaya. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma yawan shansu, balle a kan yunwa, yana jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. Tiramadol kuwa na ga yaran kirki da suka fara shi don ciwon baya, bayan ya warke, su ba su warke ba.

Masu ɗori ina ganin girmansu, amma kada ka kwanta wani ya taka maka baya ko ya ja ka da ƙarfi, alhali ba a duba ko ƙashi ya tsage a faɗuwar ba.

Abin da ba ya jiran gari ya waye shi ne wannan: fitsari ya riƙe ko ya riƙa kufce maka, haka bahaya, ko tsakanin cinyoyinka ya sage, ko ƙafa ta fara jan ƙasa. Ko tsakar dare ne a kai ka Asibitin Koyarwa na Tarayya, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo ba. Idan kuma ga zazzaɓi, ga rama, ga gumin dare, ka faɗa wa likita, don tarin fuka yakan kama ƙashin baya.

Na yi magana da ubangidanka, ya yarda ka riƙe masa littafi kana ƙirga buhu har ka ji dama. Ranar Litinin bayan asuba zan zo da mai keke mu je a duba ka. Ka ce wa mahaifiyarka ta nemo katinka na asibiti tun daren Lahadi.