Kafin Ka Sake Ɗaukar Garma

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina so in yi da manoman arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi da Tsanyawa. Magana ce a kan mutumin da aka yi wa aiki a asibiti, aka sallame shi, ya dawo gida ya tarar gona tana jiransa.

Kowa ya san yadda ƙasar nan take. Gona na jikin gona, ba daji, ba saura. Tun a 1965 wani Bature mai suna Michael Mortimore da abokin aikinsa suka rubuta littafi a kan ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda ake nome gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Abin da ke riƙe da irin wannan ƙasa taki ne da gumi. Da rani a kai taki a mangala, ruwa ya sauka a bi da sungumi, a yi firi, a yi maimai, a yi huɗa, kaka ta zo a ɗaure dami a kai rumbu. Kusan duk aikin nan a duƙe ake yin sa, kuma duk sa'ad da mutum ya yunƙura, cikinsa ne ke ɗaukar nauyin kafin damtse. Ma'aikacin gwamnati in aka yi masa aiki sai ya karɓi takardar hutu, albashinsa na tafiya. Manomi ba shi da wannan gata. Ciyawa ba ta san an yi maka tiyata ba.

Cikin ayyukan da aka fi yi wa mazanmu akwai na ƙaba da gwaiwa. Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, amma likita yakan bambanta. Wata gwaiwar ruwa ne kawai ya taru. Wata kuwa hanji ne ya sami kafa a bangon ciki, wajen matsematsi, ya leƙo, in an kwanta ya koma, in an yi tari ko an ɗaga kaya ya fito. Wannan ita ce ƙaba, ita ce kuma mai haɗari, domin ranar da hanjin ya maƙale ya ƙi komawa, sai a ga amai da kumburin ciki, magana ta zama ta rai da mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Saiwa da laya da ɗaure ƙugu da ƙyalle ba sa toshe kafar. Ɗinki ne maganinta.

To, ga inda ake yin kuskure. Bayan mako ɗaya ko kwana 10 akan cire zare, mutum ya duba ya ga fata ta haɗe, ba jini, ba ruwa. Sai ya ce ya warke. Fata ce ta warke. A ƙarƙashinta akwai tantani mai tauri wanda shi ne ainihin bangon ciki, shi aka ɗinke, kuma shi ba ya gaggawa. Masana sun auna ƙarfin wurin da aka yanka aka ɗinke: a mako 3 bai wuce kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfinsa na da ba, sai wajen wata 3 yake kai kashi 80, daga nan kuma ba ya ƙaruwa sosai. Wanda ya taɓa ganin ginin rumbu ya san wannan. Magini yakan ɗora ƙasa, ya tafi, ya bar ta ta sha iska kafin ya ƙara wata. In ka taɓa bayanta ka ji ta bushe, sa yatsa ka danna, za ka ji ciki ɗanye ne. Ba mai hankalin da zai zuba hatsi a irin wannan rumbu.

Ina da kawu, Allah ya jiƙansa, da ya yi shekaru yana fama da ƙaba yana ɓoyewa don kunya, sai da ta tsananta gab da faɗuwar damina aka kai shi aka yi masa aiki. Bai cika mako biyu a gida ba na iske shi da hantsi a gonarsa ta bayan gari, ya tuɓe riga, ya ɗaure ciki da rawani, yana jan garma. Kowane sara sai ya cije leɓe, ya dafa ƙugu, ya tofar da yawu, ya sake duƙawa. Na ce, "Kawu, ai likita ya ce a dakata." Ya ɗago ya dube ni, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Kai yaro, likitan ne zai ciyar mini da su?" Ban sami amsa ba a ranar. Kafin a kai dawa rumbu kumburin ya dawo, ya fi na da girma. Tumaki biyu aka sayar aka sake aikin, ya kuma rasa damina ta gaba kusan duka. Ba na cewa garma kaɗai ce ta jawo, don Kawu mashayin taba ne, yana da tarin da ba ya barinsa barci, kuma tari kansa yunƙuri ne. Amma da an ba 'yan ƙwadago kuɗin tunkiya ɗaya a waccan shekara, da sun gama masa firi da maimai, har da canji.

Aiki kuma iri-iri ne, kada wani ya auna kansa da maƙwabcinsa. Tun a shekarun 1880 wani likitan Italiya, Edoardo Bassini, ya fito da hanyar ɗinke kafar da naman wurin kansa, ana kuma yin irin wannan ɗinki har yau. Bayan shekara ɗari aka yawaita shimfiɗa wata 'yar raga a wurin, nama ya tsiro ya kama ta, kuma an ga ƙaba ba ta cika dawowa ba in an sa ta. A Yuganda ma an gwada raga mai araha irin ta gidan sauro, wadda ba a sa mata magani ba, aka dafa ta a tukunyar asibiti, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna ta yi aiki kamar mai tsada. Wanda aka yi wa ƙaramin aiki da raga yakan koma hidima da wuri. Wanda aka tsaga wa ciki daga cibiya zuwa mara, saboda hanji ya huje ko ya shaƙe, nasa lissafin daban ne, ana maganar mako 6 zuwa wata 3 kafin aikin ƙarfi.

Saboda haka kada ka bar asibiti, ko na Dambatta ne, ko na Bichi, ko Murtala a birni, sai ka yi tambaya da bakinka. Likita yakan ce, "Kada ka ɗauki abu mai nauyi," ya wuce gado na gaba. Wannan magana ba ta wadatar ba. Ɗan dakon kasuwar Dawanau da ya saba saɓa buhu mai kilo 100, in ka ba shi jarkar ruwa mai lita 25 zai ce ai wannan ba kaya ba ne, alhali kilo 25 ce cur. Ka ce masa, "Likita, ni manomi ne. Yaushe zan ja guga? Yaushe zan hau babur? Yaushe fartanya, yaushe garma, yaushe buhu?" Ka sa a rubuta maka a kati, ka tafi da ɗanka ko ƙanenka ya zama shaida.

Kada kuma a ɗauka cewa nake yi a kwanta a miƙe ƙafa. Wannan ma cuta ce. Kwanciya mai yawa tana sa jini ya daskare a ƙafa, majina ta taru a ƙirji, ciki ya ɗaure. Tun washegari ake so mutum ya taka, yau tsakar gida, gobe zaure, jibi masallaci. In ruku'u da sujada suna ja maka wurin, addini ya yi rangwame, yi sallarka a zaune. Sannu a hankali ka kai ga zagaya gona, korar awaki, tsinkar wake, sai fartanya na ɗan lokaci da sanyin safiya. Garma da dami da mangala su ne na ƙarshe. Duk aikin da ya sa ka riƙe numfashi ka yi nishi, lokacinsa bai yi ba. Ka ci wake da gyaɗa da ƙwai da nono da zogale, masu cewa suna sa miki ya yi ruwa ba su da hujja. Ka sha ruwa sosai don kada ka yi ta yunƙuri a bayan gida.

Sai maganar ƙwaya. Samari da yawa yanzu sun koyi haɗiyar tiramol kafin su shiga gona. Ga wanda aka yi wa aiki, zafin nan da yake ji shi ne ɗan aiken da jiki ya turo ya ce a dakata. Ƙwaya ba ta ƙara wa ɗinki ƙarfi, ɗan aiken kawai take rufe wa baki.

Mata fa? Su aka fi mantawa da su, domin ba a kiran nasu aiki. Matar da aka ciro wa ɗa ta ciki an yanka ta fiye da mai ƙaba, amma kwana kaɗan sai ka ji tabarya a hannunta, ga jan ruwa, ga surfe, ga goyon yayan jariri. Maigida, kai hatsi injin niƙa ya hutar da ita, a ɗauko ƙanwarta ko wata 'yar uwa har a yi arba'in, ko ma a zarce. Iyayenmu mata kuma, don Allah, tafasasshen ruwan wankan jego kada ya taɓa wurin ɗinki. Haihuwa ta gaba kuwa a asibiti za a yi ta, ba a ɗaki ba.

Abin da ya fi sauƙi duka shi ne zaɓen lokaci. In ƙabarka tana shiga tana fita, ba ta kai ga maƙalewa ba, je ka a duba ka tun yanzu, ka roƙi a sa maka rana bayan kaka, wajen Disamba ko Janairu. Hatsi na rumbu, kuɗin gyaɗa da wake na hannu, kana da wata huɗu ko biyar kafin ruwan shuka. Ka haƙura da ci-rani na shekara ɗaya. Mai noman rani a dam ɗin Tomas ko na Watari ya duba nasa tsakanin, ya bar wa ɗan'uwa jan injin ban-ruwa. In kuwa abin ya zo bagatatan a tsakiyar damina, to nan ne mai unguwa da liman da 'yan gandu ya kamata su tuna da gayya. An yi wa surukai ita, an yi wa masu sarauta, mai ɗinki a ciki ya fi kowa cancanta. Fura da goro ne kuɗinta.

In kuma bayan an dawo gida aka ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja ya kumbura yana fitar da mugunya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura ba bayan gida ba tusa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kada a jira ranar kasuwa don a sami mota. A ɗauki katin asibiti a tafi a ranar, ko da dare ne.