Darasi: yadda ake suyar fukafukan kaza

Ranar salla, ko ranar suna, ko in baƙo ya sauka, akan yanka kaza. Cinya da ƙirji na manya ne. Fiffike kuwa sai a miƙa ma yaro, wai ba shi da nama. Alhali fiffike yana da fata da kitse da yawa, shi ya sa in an iya suyarshi ba a barin shi cikin kwano. A Yamai da sauran manyan garuruwa, har kilo-kilo ake saida fukafukai.

Mi ya sa suyar wata mace takan fito rumus, ta wata kuwa ta fito da laushi, ta sha mai? Ruwa ne sanadi. Muddin akwai ruwa bisa fata, ba ta soyuwa, dahuwa kawai take yi.

Ga yadda za a yi. Fiffike gaɓa 3 gare shi. A raba shi daidai gaɓoɓin. Ɗan tsinin na ƙarshe a aje shi don miya. Kazar ƙauye tana da tauri, don haka a fara tafasa naman kamar minti 15 zuwa 20, da gishiri, da albasa, da tafarnuwa, da citta. Kada a zubar da romon, na miya ne.

Nan ne masu gaugawa suke ɓata aiki. In an tsame naman, kada a jefa shi cikin mai nan take. A shanya shi cikin kwando mai tsabta, a rufe da wani kwandon sabo da ƙuda. A bari ya tsane, ya huce, har fata ta bar ɗanshi. Sannan a barbaɗa ɗan garin rogo ko na masara, a kakkaɓe. Garin yana shanye sauran laima. Kaɗan ya isa, ba fanke muke yi ba.

A aza kasko, a zuba man gujiya wanda zai kusan rufe naman. Masu ma'auni suna jiran zafin mai ya kai digiri 175 zuwa 180. Mu ma'auninmu albasa ce: a jefa ɗan yanki. In ya taso nan da nan yana kumfa, mai ya yi. In ya nutse shiru, da saura. In mai yana hayaƙi, wuta ta yi yawa, a janye icce.

A saka naman kaɗan-kaɗan. Na san mai yana da tsada, icce ma haka, kowa yana son ya gama da wuri. Amma in an cika kasko, mai zai huce, nama kuma ya sha shi. Wannan ita ce asarar. A juya sau 1 ko 2. Cikin minti 8 zuwa 10 zai yi ja.

Kamin a ci, a tsaga yanki mafi kauri har ga ƙashi. In nama bai nuna ba, ko ruwa mai jini yana fitowa, a maida shi wuta. Ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da amai da zazzaɓi, kuma yara ƙanana sun fi wahala da su. Don haka a wanke hannu da wuƙa da sabuni bayan an taɓa ɗanyen nama. Kwanon da ya ɗauki ɗanye, kada ya ɗauki soyayye sai an wanke shi.

A kori yara daga bakin murhu. In mai ya kama wuta, kada a zuba ruwa, tashi za ta yi sama. A rufe kasko da marufin ƙarfe.

In an kwashe, a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli da tonka tun da zafi. Kada a rufe kwanon da marufi, tururi zai maida fata laushi. A kai ma mutane nan take.