Gona da Gari: Darasi Daga Ƙasar Kano

Mu mazauna Sabon Gari da Fagge, kullum muna awon gero da dawa a kasuwa. Amma nawa ne cikinmu suka taɓa tambaya, ina ƙasar da ake noma abincin nan? Bari mu bi labarin daga fari.

A zamanin dā, har a cikin ganuwa ana noma. Baturen nan Clapperton ya zo Kano a 1824. Ya ga gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin badala ba, sauran kuwa gonaki ne da lambuna. Magabata sun yi haka da dalili: in abokan gaba sun kewaye birni, mutane ba za su mutu da yunwa ba.

A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Wajen 1913 aka kafa Sabon Gari a bayan ganuwa, kusa da Fagge, domin baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa. Jirgi ya buɗe wa gyaɗa kasuwa har ƙasashen Turai. Manoma suka share daji, suka ƙara gonaki, dalar gyaɗa ta tashi.

Wajen 1964 wani malami, Michael Mortimore, ya auna ƙasar ƙauyukan da ke kewaye da birni. Ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 ana nomansa kowace shekara. Ba a barin gona ta zama saura ta huta. To, yaya ƙasa ba ta gaji ba? Amsar ita ce taki. Da rani jakuna sukan kawo itace cikin birni, su koma da mangala cike da toka da juji da kashin dabbobi. Gona ta ciyar da gari, gari kuma ya ciyar da gona.

Daga baya al'amari ya juya. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, suka karya noman gyaɗa. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya ƙaru a Kadawa da Kura. Amma a bakin birni gidaje suna ta cin gonaki. Mutanen Kano kimanin 130,000 ne a 1952, a ƙidayar 2006 kuwa birni da kewaye sun haura miliyan biyu. Inda dā ake yanke dawa, yau fuloti ne. Masu lambu a bakin Jakara kuma sun koma ban ruwa da ruwan kwata.

Ga abin da za mu riƙe. Mutane suna ƙaruwa, amma ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonar da aka zuba wa siminti ba ta sake ba da dami. Da yawa cikinmu muna da gonar gado a ƙauye. Kafin mu sayar, mu lissafta: kuɗin zai ƙare cikin shekara nawa, gonar kuwa za ta ciyar da jikoki nawa? In ba mu iya nomanta, mu ba ɗan'uwa aro, mu taimake shi da taki.

Tambayoyi
1. Me ya sa magabata suka bar gonaki cikin ganuwa?
2. Yaya gonakin Kano suka jure noma kowace shekara?
3. Me za mu yi da gonarmu ta gado?