Zaɓen Na'urar Auna Zafi Domin Injin Ƙyanƙyasa

Matasanmu masu gyaran lantarki a Sabon Mokola, Badun, da ke haɗa wa masu kiwon kaji injin ƙyanƙyasa, ku yi hattara da ma'aunin zafi na waya biyu samfurin K. Wutar da yake fitarwa kusan maikrobolt 41 ce kacal a kowane digiri, don haka dole a ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce LM358 mai arha da ake yawan ɗauka domin ƙara ƙarfin yana zuwa da kuskurensa na kusan milibolt 2, wanda ya kai kusan digiri hamsin. Ƙwai kuwa digiri 37.5 yake so har kwana 21, kaucewar digiri ɗaya ma tana rage ƙyanƙyasa.

Wani zai ce ai ana iya saita kuskuren da hannu. Gaskiya ne, amma saitin yana gocewa yayin da zafin shago ya sauya tsakanin asuba da azahar, kuma mahaɗin wayar na waje ma yana buƙatar gyara. Gara ma'aunin zafi samfurin LM35, mai ba da milibolt 10 a kowane digiri. Idan aikin tanda ne mai tsananin zafi, a haɗa samfurin K da MAX6675 maimakon LM358, a murɗe wayoyin tare, a nisanta su daga janareta.