Tun da na binne 'yata, jikina ne kawai ke yin salla

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana.

Ni haifaffen Gaya ne, ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Ajingi. Mahaifina, Baba Malam, malamin zaure ne. A gabansa na sauke Alƙur'ani, na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, har na fara Risala kafin boko ya ja ni. Na faɗi haka ne don kada a ce rashin karatu ke damuna.

A daminar 2023, lokacin da mashaƙo ya addabi Kano, 'yata ta fari ta kamu. Shekararta huɗu, sunan mahaifiyata gare ta, muna ce mata Ummi. Mun zaci mura ce, aka sayo magani a kemis, Baba Malam ya yi mata rubutu. Kafin mu ankara wuyanta ya kumbura har ya haɗe da haɓa, in ta buɗe baki sai ka ga wani abu toka-toka ya lulluɓe maƙogwaron. Asibitin da muka fara zuwa suka ce ba su da allurar cutar, mu wuce Kano. Muka ɗauki shatar mota da daddare. Tana kan cinyata, numfashinta na fita da ƙara, ni kuma babu sunan Allah da na sani wanda ban kira ba. Mun ƙetare gadar Wudil da kaɗan ƙarar ta tsaya.

Ba a taɓa yi mata rigakafi ba. Baba Malam bai yarda da shi ba tun rigimar allurar shan-inna, ni kuma ban iya ja da shi ba.

A zaman makoki kowa sai ya ce haka Allah ya so, za ta cece ku ranar gobe. Ina amsa amin, zuciyata na tambaya: yarinyar da ba ta san zunubi ba, me ta yi aka shaƙe ta haka? In akwai Mai rahama, yana ina a daren nan? Wani abokina da muka yi kwaleji tare ya fara turo min bidiyon masu cewa babu Allah. Da yawa shirme ne, amma abu ɗaya ya zauna min. In babu kowa a sama, lissafin ya fita: ƙwayar cuta ce, ba a yi allura ba, yarinya ta mutu. Ba sai na nemi hikima ba. Wannan tunanin yana sa ni samun barci, abin da ke tsorata ni ke nan.

Ina zuwa masallaci, wani lokaci ma ni ake turawa gaba in liman ba ya nan. Jikina ne ke ruku'u, ni ba na wurin. Kwanan nan mai ɗakina ta haifi namiji. Da na sa baki a kunnensa zan yi huɗuba sai jikina ya ɗauki rawa, ban sani ba ko imani ne ya motsa ko tsoron munafunci.

Malam, na fita daga Musulunci? Aurena yana nan? In gaya wa Baba? Kuma kai, tsakaninka da Allah, me ya sa ka yarda? Don Allah kada ka ce min in yi ta istigfari kawai, na yi har na gaji.

Naka, wani malamin makaranta, Ajingi.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Ummi, ya raya ƙaninta, ya ba mahaifiyarta haƙuri.

Ba ka fita daga Musulunci ba, aurenka kuma yana nan daram. Malaman fiƙihu sun bambanta abin da ke kai-kawo a zuciya da abin da mutum ya ƙudurta ya furta da zaɓinsa, kuma Bukhari da Muslim duk sun ruwaito cewa an yafe wa al'ummar nan zancen zuci matuƙar ba a faɗe shi ko an yi aiki da shi ba. A cikin Muslim akwai labarin sahabban da suka je wa Annabi (SAW) da kukan suna jin abubuwa a ransu waɗanda bakinsu ba zai iya faɗa ba, shi kuwa ya ɗauki wannan nauyin da suke ji a matsayin shaidar imaninsu. Wanda ya rabu da Allah da gaske ba ya rawar jiki a kunnen jariri. Ka tambayi Baba Malam, ba tare da ka ce don kanka ba, yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi da ɗaliban ilimin kalam na zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Ya yi rubuce-rubuce da dama yana tsawata musu. Ƙasar nan ta daɗe da sanin cewa ba a gaggawar fitar da mutum daga addini, mu ne muka manta.

Na karanta wasiƙarka na ga abin da ba ka rubuta ba. Ummi 'yar fari ce. Mu Hausawa mun ɗora wa uba alkunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban manya, in ya rasu kuma shi ne zai zauna kan tabarma yana karɓar gaisuwa da busasshen ido. Ina kyautata zaton har yau ba ka yi wa yarinyar nan kuka ba. Annabi (SAW) ya rasa 'ya'yansa duka a rayuwarsa in ban da Nana Faɗima, kuma da ɗansa Ibrahim ke cikawa a hannunsa hawaye ya zubo masa a gaban sahabbai, bai ɓoye ba. Kunyarmu abu ce mai kyau, amma a nan ta cuce ka. Baƙin cikin da aka hana fita ta ido yakan nemi wata ƙofa.

Akwai kuma fushi. Kana fushi da Baba Malam, tarbiyya ba ta bar ka ka faɗa ba. Kana fushi da kanka, wannan kuwa ya fi ƙarfin ɗauka. Sai fushin ya wuce sama, inda ba mai mayar maka da magana. Ban ce tambayarka ba ta da tushe ba, zan zo kanta. Amma masu ce maka haka Allah ya so sun faɗi rabin magana ne suka bar rabi. Mashaƙo cuta ce da ake da rigakafinta tun kafin a haifi mahaifinka, yana cikin allurar penta da ake yi wa jarirai kyauta a sati shida da goma da sha huɗu. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu a annobar 2023, kuma mafi yawansu yara ne da ba a yi musu allurar ba ko ba a ƙarasa musu ba. Da Sayyidina Umar ya doshi Sham aka tare shi da labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma a cikin ƙaddarar take. Addinin da ka karanta a zaure bai taɓa cewa a naɗe hannu ba.

Shi ma Baba Malam ka yi masa adalci. Tsoronsa ba daga iska ya ɗauko shi ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon na cikin abin da ya sa gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, sai a 2004 aka dawo da shi. Dattijon da ya ga wannan ya ce ba za a taɓa masa jika ba, ƙauna ce ta sa shi, ko da yake ya yi kuskure, kuskure mai tsada. Kuma ka san yadda kaka yake da jikarsa mace, balle mai sunan matarsa. Kada ka ɗauka shirunsa na nufin bai yi wannan lissafin da ka yi ba.

To, ga tambayarka ta ainihi. Ba ni da amsar da za ta gaya maka dalilin da ya sa Ummi ta sha wannan wahalar, kuma duk wanda ya ce maka ya san dalilin, ya faɗi abin da ba a sanar da shi ba. Alƙur'ani kansa bai ɓoye nauyin tambayar ba. Mala'iku sun yi irinta tun kafin a halicci Adamu, game da ɓarna da zubar da jini, ba a kuwa warware musu ba, an dai nuna musu iyakar saninsu. Annabi Musa, da ya ga an kashe yaro a tafiyarsa da Haliru, kasa shiru ya yi duk da alƙawarin da ya ɗauka. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, aka nuna masa, ba a kore shi ba.

Ka ce in gaya maka nawa dalilin, ga shi. Na kasa gamsuwa cewa duk wannan abin da muke gani, da tsarin da yake tafiya a kai har likita ya iya gano ƙwayar cuta ya haɗa mata rigakafi, ya samu ne haka kawai ba mai samarwa. Wannan ita ce tsohuwar hujjar da ke cikin Ummul Barahina ta Sanusi, wadda na tabbata tana cikin littattafan zaurenku. Amma ba ita ce ta fi riƙe ni ba. Abin da ya fi riƙe ni shi ne irin wannan ihun da ke cikin ƙirjinka, cewa abin da ya sami Ummi bai dace ba. In duniya ƙwayoyi ne kawai ke karo da juna, babu dacewa babu rashin dacewa, abin da ya faru ya faru. Amma ni da kai mun san akwai, mun san shi fiye da yadda muka san sunayenmu. Ni na ɗauki wannan sanin da gaske, na bi shi, ya kai ni ga cewa akwai Wanda adalci ya samo asali daga gare shi, kuma akwai ranar da za a biya yarinyar nan. Lissafin da ke sa ka barci ya sauke maka neman hikima, gaskiya ne, amma ka duba abin da ya karɓa a madadi: a cikinsa Ummi ta ƙare a bayan gadar Wudil, ba sauran haɗuwa. Akwai masu hankali a duniya da suka ji wannan hujjar ba ta gamsar da su ba, ba zan ɓoye maka ba. Ni dai a kanta nake tsaye.

Kuma hujja ba ita kaɗai ke dawo da zuciya ba. Imam Gazali ya ba da labarin kansa a Munƙizu minad Dalal: ya yi kusan wata biyu yana shakkar komai, har abin da idonsa ke gani, kuma ya ce ba jera dalilai ne ya fitar da shi ba, haske ne aka jefa masa a ƙirji. Daga baya, a 1095, yana babban malamin Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya sarƙe ya kasa ba da karatu, ya bar kujerar ya yi shekaru yana neman kansa. Ka nemi littafin wurin masu sayar da littattafan Larabci a kasuwar Kurmi, ƙarami ne. Kada ka bar salla don ba ka jin ta. Amma limanci, ka riƙa tura wani gaba tukuna, don nauyin yana ƙara maka zargin kai. In ka yi sujada ka faɗa wa Allah abin da ka faɗa min, da Hausa, yadda yake.

Abin da nake roƙonka da babbar murya: kada ka kai wannan magana Facebook ko zauren WhatsApp ko majalisar shayi. Ka san labarin Mubarak Bala. Da ya bayyana ya bar addini a 2014, asibitin masu taɓin hankali danginsa suka kai shi. An kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 kan rubutunsa na Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita biyar a 2024. Ka kuma san yadda taron jama'a ya kashe Deborah Samuel a Sakkwato a 2022 kan saƙon murya. Halinka ba irin nasu ba ne, amma taro ba ya tsayawa bambance mai tambaya da mai zagi. Yana ci min rai cewa mun kai inda saurayin da ya sauke Alƙur'ani sai ya sakaya sunansa kafin ya yi tambayar da annabawa suka yi. Ka nemi malami ɗaya mai sanyin hali da riƙon sirri, ko da sai ka je Wudil ko cikin birni. Abokinka kuma ka ce ya dakata da turo bidiyon, ba a yanke hukunci mai girma irin wannan cikin makoki. In barci da cin abinci sun gagara, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ka ga likita, wannan ba hauka ba ne.

Baba Malam kada ka kai masa shakkarka yanzu, ba zai ji komai ba sai cewa ya rasa jika ga shi zai rasa ɗa. Maganar da za ka kai masa ita ce ta jaririn nan. Ka same shi bayan ɗalibai sun watse, ka durƙusa, ka ce Baba ina neman albarkarka zan kai yaron nan rigakafi. Sanarwa ce cikin ladabi, ba shawara ba, domin kai za a tambaya a kansa. In ya yi tauri ka haɗa da aminin da yake jin maganarsa ko mai unguwarku, tun da hakimai da dagatan masarautar Gaya suna cikin aikin rigakafin nan. Mai ɗakinka kuwa, a duk wasiƙarka sau ɗaya ka ambace ta, alhali ita ta yi naƙudar Ummi. Ku zauna ku biyu ku ambaci yarinyar da sunanta. Ranar allurar ka raka ta da kanka, ku adana katin, don bayan penta uku akwai ta ƙyanda a wata tara. Bayan nan ka sake rubuto min.