Kunya Da Sakaya Zance Wajen Yi Wa Yara Bayanin Batsar Kafofin Watsa Labarai: Misali Daga Darmanawa

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan ɗan nazari wani ƙaramin al'amari ne da ya faru a cikin a-daidaita-sahu, tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa. Direba ya kunna rediyo, sai ga tallar wani maganin gargajiya, mai tallar yana ta kwarzanta shi da cewa yana gyara maigida, yana sa uwargida ta ƙwace miji. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 8 ba ta dubi mahaifiyarta ta ce, "Umma, me ya lalace a jikin maigidan da za a gyara?" Uwar ta daka mata tsawa, sauran fasinjoji suka sunkuyar da kai, direba ya canja tasha. Tambayar dai ba a amsa ta ba. Amma kowa ya san yarinyar za ta sami amsa, ko a makaranta, ko a wajen tallar ƙawayenta, kuma ba lalle ne amsar ta zo da ladabi ba.

Manufarmu a nan ita ce mu duba wannan shiru ta fuskar harshe da al'ada. Ra'ayinmu shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin yin irin wannan bayani ba; abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da al'ada ta ɗora wa aikin faɗarsu.

Yanayin wurin

Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. Wanda ya san Kano ya san cewa yaron wannan yanki a bakin mashaya yake zaune. Titin Gidan Zu, inda kamfanonin fina-finan Hausa da dama suka kafa ofisoshinsu, maƙwabcinsa ne. Kasuwar waya ta Farm Centre ma a Tarauni take, kuma a kowane lungu akwai masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya a kan kuɗi kaɗan, ba sa tambayar shekarun mai saye.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Littattafan soyayya da ake kira Adabin Kasuwar Kano sun fara yaɗuwa tun a shekarun 1980, fim ɗin bidiyo na Turmin Danya ya fito a 1990, kuma tun daga lokacin ake muhawara a kan raye-raye da waƙe-waƙen da aka kwaikwayo daga Indiya. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, a 2007 kuma aka yi taron ƙona wasu littattafai a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori wata fitacciyar 'yar wasa saboda rungumar da ta bayyana a bidiyon wata waƙa. Duk waɗannan matakai na toshe ƙofa ne. To, amma wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta rushe katangar baki ɗaya. Littafin da a da sai an buga shi an kai kasuwa, yanzu shafi-shafi ake tura shi ta WhatsApp, ba mai tacewa. TikTok kuwa ba ya jiran izinin kowa. Makaranta ma ba ta ɗauke nauyin ba, domin a 2022 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilmin jima'i daga manhajar ƙananan makarantu, a bisa hujjar cewa aikin iyaye da malaman addini ne. Ke nan magana ta dawo tsakar gida.

Wa ke magana a da?

Bahaushe ya gina tarbiyyarsa a kan kunya, kuma kunyar ta fi tsanani tsakanin iyaye da 'ya'yan da suka haifa, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta kama sunansa balle ta zauna hira da shi. Sai dai al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wasu. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, inda kaka ke kiran jikanta "mijina", kakan kuma ya kira jikarsa "amaryata", kuma a cikin wannan raha ake cusa maganganun da uwa ba za ta iya furtawa ba. Akwai gwaggo da inna, waɗanda ke jan yarinya ɗaka ranar da ta fara ganin al'ada. Akwai kawu, akwai taubashi, akwai uwar ɗaki. Riƙo ma ya taimaka, don wanda ya riƙi yaro ba ya jin nauyinsa kamar wanda ya haife shi.

Duk wannan tsari ya dogara ne a kan babban gida. Yawancin magidantan unguwanni irin su Darmanawa kuwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka baro cikin birni ko garuruwansu, suka gina ko suka kama haya, daga miji sai mata sai 'ya'ya. Kaka tana ƙauye, gwaggo sai ranar suna ko biki. Kunyar ta biyo su sabon gida, amma masu warware ta ba su biyo su ba.

Hawa uku na harshe

In muka dubi yadda Hausa ke ambaton abin da ya shafi jiki da aure, za mu ga hawa uku. Na farko batsa, wato kiran abu da sunansa na tsiraici, wanda aka san 'yan tasha da 'yan gambara da shi. Na biyu sakaya zance, inda ake cewa "gaba", "kwanciyar aure", "baƙon wata", "ɓatan wata", "juna biyu". Na uku kalmomin fiƙihu da aka aro daga Larabci, kamar al'aura, balaga, janaba, haila, maniyyi da maziyyi.

Abin lura a nan shi ne yadda masu talla da wasu mawaƙa suka juya hawa na biyu. An ƙirƙiri sakaya don a lulluɓe magana, su kuwa suna amfani da ita don su tsokano sha'awa su kuma tsallake mai tacewa. "Kayan mata", "ƙarin kuzari", "gyaran ɗaki", babu ɗaya a ciki da ƙamus zai kira batsa, amma murya da dariyar mai faɗa sun isar da saƙon. Saboda haka uwar da ta amsa wa ɗiyarta da wata sakayar, kamar ta ce "maganar manya ce", ba ta rage komai ba, ƙara wa abin armashi ta yi.

Hawa na uku shi ne muke ganin ya fi dacewa da bakin iyaye, kuma muna da hujja daga makarantun ilmi. Littafin Ahalari, wanda ake farawa da shi, ya yi bayanin wanka da haila da jinin biƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ta bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi filla-filla, alhali kuwa mawallafin ya nuna a gabatarwarsa cewa don koyar da yara ya rubuta ta. Aya ta 58 ta Suratun Nur ma ta umarci yara su nemi izini kafin shiga wurin manya a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da lokacin ƙailula, da bayan Lisha. Ba yadda za a koya wa yaro wannan hukunci ba tare da ya fahimci cewa akwai abin da ake suturcewa ba. Ashe kenan kakanninmu ba su ɗauki bayani a matsayin rashin kunya ba, muddin an yi shi da kalmomin da suka dace.

Yadda za a ɗauko zancen

Ba ma ganin hikima a zaunar da yaro a yi masa lacca. Ya fi sauƙi a bar abin da ake kallo ya buɗe hanya. Alal misali, ana kallon wasan kwaikwayo irin na Daɗin Kowa a Arewa24, ko fim ɗin Indiya na fassara, sai aka zo wurin da saurayi ke jan budurwa zuwa ɗakinsa. Maimakon uba ya fizge rimot ya yi tsaki, yana iya cewa, "Kai Abba, a ganinka me wannan yaron yake nufi da ita? Da ƙanwarka ce fa?" Amsar yaron ita za ta nuna iyakar abin da ya riga ya sani, kuma sau da yawa iyaye kan sha mamaki.

Ga tambayar yarinyar nan ta cikin a-daidaita-sahu, uwa na iya cewa, "Bari mu isa gida in gaya miki." Sharaɗin dai shi ne a cika alkawarin. A gida sai ta ce magani ne na ma'aurata, ya shafi al'aura, kuma mai tallar ya faɗe shi haka ne don a saya, ba don dukan abin da ya ce gaskiya ne ba. Wannan ya ishi mai shekara 8. Mai shekara 14 kuwa yana bukatar a ƙara masa da cewa wanda ya ɗora bidiyon rawa a intanet yawan masu kallo yake nema, don da su ake samun kuɗi da suna, kuma hoton da aka tura wa mutum ɗaya ba ya dawowa. Kanawa ba su manta da abin da ya faru a 2007 ba, lokacin da wani bidiyo na sirri ya bazu daga waya zuwa waya ya girgiza masana'antar fim gaba ɗaya.

Inda nauyin baki ya gagara, musamman tsakanin uwa da 'yar fari, babu laifi a farfaɗo da tsohon tsari da gangan: a zaɓi gwaggo ko kawu ko malamar Islamiyya, a gaya musu abin da ake so, yaron kuma ya san cewa da sanin iyayensa ake yi masa maganar. Mun ji wata dattijuwa a Darmanawa da 'ya'yanta ke tura mata jikoki kowace Juma'a. Ba ta iya karatun boko ba, amma takan karɓi wayar jikanta ta ce, "To mijina, nuna mini matan da kake kallo, in ga ko sun fi ni kyau."